Kurtun Baba Saje

Tun yana ɗan shekara 16 hoton mutum ɗaya ne a fuskar wayar ɗan yayata, in waya ta lalace ya samu wata to hoton zai biyo shi. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ne, kwamandan tankokin yaƙin nan da sojoji suke kira Sarkin Yaƙi, wanda aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016 yana da shekara 36. Yaron nan ya haddace tarihinsa kaman karatun allo. Zai gaya maka yadda aka ƙwato Monguno da Baga a watan Fabrairun 2015, zai gaya maka a Gamboru Ngala Janar Buratai ya maƙala mishi sabon muƙami tun lokacinsa bai yi ba saboda tsabar jarumta, kuma kullum sai ya ƙara da cewa ai ɗan gida ne, tunda mahaifinsa Abu Ali ya yi gwamnan soja a nan Bauchi daga 1990 zuwa farkon 1992, lokacin Gombe ma tana cikinmu. Mu dai mun san asalinsu Bassa-Nge ne a jihar Kogi amma wa zai tsaya musu da shi.

Ban ga laifinsa ba gaskiya. Duk wanda ya zauna Bauchi ko Gombe a 2014 da 2015 ya san irin zaman ɗar-ɗar da aka yi, 'yan Boko Haram sun shiga Ashaka da Bajoga, ranar 14 ga Fabrairun 2015 har garin Gombe suka tunkara, mu a nan kuma ko taya ce ta fashe a Wunti sai ka ga mutane sun watse kowa ya yi ta kansa. Ga shi gari ne na bariki, Shadawanka ga ta nan, ga makarantar masu tankoki, yaro yana tashi yana ganin kaki. A irin wannan lokacin in aka ce ga wani mutum da in ya shiga tanka abokan gaba ne ke gudu, dole zuciyar yaro ta tafi can.

Sau uku yana neman shiga soja. Fom ɗin kyauta ne a intanet amma kuɗin kafe da na hoto da takardar ƙaramar hukuma duk daga aljihuna suka fita, shi ya sa na riƙe lissafin. Na farko sunansa bai fito ba. Na biyu ya fito, ya je tantancewa, tsawo ya kai don ana neman mita 1.68 ne ga maza kuma ya ɗara haka, amma ya faɗi a gudu, zazzaɓi yake yi ya ɓoye mana. Na uku shiru ne kawai. Toh ƙa'idar ita ce wanda ba shi da sana'a a hannu daga shekara 18 zuwa 22 ake ɗauka, yana cika 22 sai ƙofa ta rufe. Daga nan yaro ya canja. Barci har azahar, majalisa har ƙarfe ɗaya na dare, in ka yi magana ya ce ai ƙasar nan sai kana da wani. Yaya ta kira ni wata rana tana kuka ta ce ta ga kwalaben maganin tari guda biyu a ƙarƙashin katifarsa, kuma ba tari yake ba.

Akwai wani tsohon soja da nake kai wa janaretana gyara a kan hanyar Yelwa, kowa Baba Saje yake ce mishi. Rumfa ce ta kwano da benci ɗaya da wani tsohon akwatin ƙarfe kore. Ta Depot ɗin Zariya, inda ake horar da kuratan soja, ya shiga, ya je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma duk rayuwarsa ta soja bakanike ne na motocin yaƙi. Hannunsa na hagu yatsu uku ne, yana ɗingishi, kunnensa ɗaya sai ka ɗaga murya. Ni dabarata mai sauƙi ce, na ce tunda yaron nan kaki yake so bari in haɗa shi da wanda ya saka kakin shekara kusan talatin, ko labari ya riƙa ba shi. Ban ma yi tunanin sana'a ba a lokacin wallahi, nema nake kawai ya bar majalisa da rana.

Ranar farko ina wajen. Ƙarshen 2022 ne, sanyi ya fara. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ko zama bai gama yi ba ya zaro waya ya nuna hoton, ya ce Baba ka san shi? Baba Saje ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya jiƙansa, namiji ne, ban yi aiki a ƙarƙashinsa ba amma babu wanda bai ji labarinsa ba. Sai ya miƙa wayar ya ce, kai kurtu, tankar da yake hawa ta fi tan 40, ka san wa yake duba mata baƙin mai da asuba? Yaron ya ce a'a. Ya ce to ni ma ban san sunansa ba, kuma babu wanda ya saka hotonsa a waya, ɗauko min sifana mai lamba 10 a akwatin can. Tun ranar sunan Kurtu ya bi shi, har uwarsa yanzu haka take kiransa.

Labarin yaƙin da na yi zaton za a riƙa bayarwa kuwa babu shi. Abin da ke akwai shi ne ƙarfe bakwai saura kwata a buɗe rumfa, a share, a shimfiɗa buhu a jera kayan aiki a kai daga ƙarami zuwa babba, sifanu da sukudireba da filaya da abin kwance fulogi, da yamma kuma a wanke su da kananzir a ƙirga a mayar akwati, in ɗaya ya ɓata babu mai tafiya gida ko da isha'i za a kai. Akwai ranar da suka kai ƙarfe tara na dare suna haska ƙasa da fitilar waya saboda wani ɗan noti da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Wata biyu cur bai bari yaron ya kwance inji ba, wanke kabireta kawai da goge fulogi. Kuma tsohon nan yana da faɗa, in ransa ya ɓaci har masu shagon kusa sai sun yi tsit. Yara biyu da suka fara tare da Kurtu duk sun gudu kafin azumi, ɗaya ya ce shi bai zo bariki ba. Ni kaina na taɓa ce mishi Baba Saje a riƙa sassautawa mana yaran yanzu sai da lallashi, ya ce Malam kai ka riƙe alli ni ka bar ni da nawa. Ban ƙara ba.

Me ya riƙe Kurtu bai gudu ba? Na tambaye shi daga baya, ya ce Kawu kunya ce, wai yana ji a ransa in ya kasa jure Saje ɗaya mai yatsu uku to ƙarya yake yi da yake cewa zai jure wata shida a Depot. Kun ga a nan hoton wayar ya yi amfani, don shi ne ya hana shi tafiya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a ranin 2023. Wani manomin rani daga wajen dam ɗin Gubi ya kawo injin ban ruwa, tumatir da albasa yake yi, ya ce a taimaka a yi sauri shukarsa kwana biyu ba ta sha ruwa ba. Baba Saje ya canja ringi, ya bar wa Kurtu ya haɗa sauran ya zuba baƙin mai don shi zai je asibiti a duba ƙafarsa. Kurtu ya haɗa komai tsaf, ya tsiyaye tsohon mai, aka kira shi a waya, ya dawo ya ɗaure murfi. Manomi ya zo ya biya ya ɗaura inji a bayan babur ya tafi. Sai da yamma wajen ƙirga kaya ya ga galan ɗin mai a cike yadda aka sayo shi, ko buɗewa ba a yi ba.

Ya gaya min abin da ya zo mishi a rai a lokacin. Babu wanda ya gani. In inji ya buga gobe za a ce tsufa ne, manomin ma ba lallai ya gane ba, in ya dawo da ƙorafi a ce mishi ai fistan ne ya gaji. Har ya ɗauki galan ɗin zai tura bayan benci. Ya ce ya fi minti goma a tsaye da shi a hannu, kafin nan ya je ya ajiye a gaban Baba Saje ya ce Baba ban zuba ba. Yana jiran ashar da mari. Tsohon ya kalli galan ya kalle shi ya ce ka san gonar? Ya ce a'a. Ka karɓi lambarsa? A'a. Ya ce to ɗauki man ka tafi ka nemo shi, kada ka dawo min nan sai da labarin injin.

Bayan magariba ne fa. Ya hau acaɓa da kuɗin abincinsa har inda hanya ta ƙare, ya riƙa bin bukkokin masu gadin gona yana tambaya wa ya kai inji gyara yau, karnuka na binsa, ya faɗa cikin kwatar ruwa har gwiwa, sai wajen ƙarfe goma ya samu mutumin. Amma an makara, ya riga ya tayar da injin tun la'asar, ya yi 'yan mintuna ya kama. Manomin ya zage shi tas a gaban yaransa, kuma da gaskiyarsa. Kurtu ya kwana a bukkar, da asuba suka ɗauko injin tare. Baba Saje ya ba manomin aron wani injin nashi ya je ya ceci shukarsa, gyaran kuma aka yi kyauta, kuɗin kayan aka riƙa cirewa daga ɗan abin da ake ba Kurtu duk sati har kusan wata uku. Yaya ta ji haushi ta ce zalunci ne yaro yana koyo, ni ma da farko na ɗan ji hakan.

A ranar da suka gama haɗa injin ne kawai Baba Saje ya buɗe baki a kan yatsunsa, ina zaune a bencin ina jiran nawa janaretan. Ya ce suna cikin jerin motoci a wata hanya a Borno motar gaba ta tsaya cak, kuma tsayuwa a wannan wajen daidai take da ka kira mutuwa da hannu. Shi aka kira. Ya ce, Malam, kada wani ya yi maka ƙarya, gwiwoyina rawa suke yi, fitsari nake ji, ina shiga ƙarƙashin motar ina karanta duk abin da na iya har da wanda ban iya ba. Matsalar kuma ba komai ba ce illa wani ɗan tiyo da wani ya ga yana yoyo tun a sansani ya yi shiru don kada a yi mishi faɗa. Ya gyara, aka tashi, ba su yi nisa ba motar da ke bayansu ta taka abin da aka binne, nan ya bar yatsu biyu, abokinsa da suka shiga Depot rana ɗaya kuma nan ya bar duniya. Bai ce tiyon ne ya jawo ba, ya dai ce da ba su tsaya ba da ba su kai duhu a hanyar ba. Daga nan ya juya ya ce Kurtu miƙo min tsumma, shikenan, bai sake tayar da maganar ba har yau.

Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana fareti ana ajiye furanni ana sakin tantabaru, Baba Saje ba ya zuwa. Rufe rumfa yake yi ya sayi shinkafa da mai ya tafi gidan matar abokin nan nashi. A 2024 ya ce Kurtu ya ɗauko mishi kayan. Yaron ya dawo jikinsa a sanyaye. Ɗaki ɗaya ne na haya tunda zaman bariki ya ƙare musu, matar tana suyar masa a ƙofar gida tun asuba, yara huɗu, babban yana tura kurar ruwa, hoton marigayin da kakinsa a rataye a bango gefen kalanda. Ta yi ta zirga-zirga da fayil a kan haƙƙin mijinta shekara da shekaru, wani ya fito wani har yanzu ana cewa a dawo. Kurtu ya ce min, Kawu ni duk tunanina in mutum ya mutu a fagen daga tuta ake lulluɓa mishi shikenan, ban taɓa tunanin washegari ba. Abu Ali ma da aka binne a maƙabartar sojoji ta Abuja manyan ƙasa na tsaye ya bar mata da ƙananan yara, wannan ɓangaren ba ya fitowa a hoton waya.

Wani abu kuma da nake so a lura da shi, don mutane suna yawan nuna Baba Saje su ce ga dogaro da kai, mutum da raunin yaƙi bai yi bara ba bai zauna jiran gwamnati ba. Gaskiya ne amma rabin labarin kenan. Lokacin da aka sallame shi ya fi shekara yana jiran kuɗinsa, ba ya barci, in yara suka fasa abin wasan wutan nan na sallah sai ya kwanta ƙasa, ya daina shiga mutane. Matarsa ce, Mama, ta kwashi adashenta ta sayar da awakinta biyu ta sa aka kafa rumfar, ta ɗauko akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado ta ajiye mishi a gaba ta ce ko ka tafi da shi ko ni in tafi da shi. Wani maƙwabci ya ba shi wajen ba haya har shekara guda. Shi da bakinsa yake faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka balle mai yatsu uku. Abin da yake nashi na kansa shi ne tunda ya buɗe rumfar nan bai taɓa makara ba.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, aiki ya tsaya, mutane suka jingine janareta, masu hali suka koma sola. Baba Saje ya ce a yi haƙuri zai wuce. Kurtu ne ya zo da maganar kabiretar gas, ya gani a YouTube yadda ake mayar da janareta ya riƙa aiki da tukunyar gas ta girki. Tsohon ya ƙi sam, ya ce shi ba zai haɗa wa mutane bam a gida ba. Yaron bai yi gardama ba, ya tara kuɗinsa ya sayi ɗaya, ya roƙe ni janaretana ya gwada a kai, gaskiya na ba shi ne ina addu'a. Ya yi aiki. Ya kai wa Baba Saje, shi kuma ya kwana biyu yana bin tiyon da ruwan sabulu yana neman inda zai yi kumfa, sannan ya kafa sharaɗi, ba za a haɗa wa kowa ba sai an je gidan an ga inda zai ajiye tukunyar, nesa da injin kuma a fili. Wannan aikin ne ya riƙe rumfar a watannin nan. Manomin Gubi kuwa, wanda ya zage shi, shi ya riƙa turo musu 'yan uwansa masu injin ban ruwa, wai a kai wa yaron nan da ya biyo shi gona da dare.

In aka tambaye ni me ya yi aiki a lamarin nan, ba zan ce labarin jarumta kaɗai ba, don shekara shida yana ɗauke da hoton Abu Ali kuma da hoton a aljihu ya fara shan abin da ya sha. Ba zan kuma ce horon Baba Saje kaɗai ba tunda yara biyu sun sha horon sun gudu, ɗayansu ma yana nan lafiya lau yana sayar da kayan waya, ba lalacewa ya yi ba. Sai da biyun suka haɗu a kan yaro ɗaya a lokacin da ya gaji da kansa. Kuma akwai sa'a a ciki, da wani irin tsohon sojan na kai shi, irin masu cika baki a majalisa suna ba da labarin yadda suka sa mutane tsallen kwaɗo a shingen hanya, da wani abin daban ya koyo. Maganin tarin ma ba rana ɗaya ya bari ba, Yaya ta sake ganin kwalba sau ɗaya bayan ya fara zuwa rumfar, ba mu gaya wa Baba Saje ba, ta dai ce mishi in ta sake gani shi za ta kai wa.

Yanzu shekararsa 25. Yana da teburinsa a gefen rumfar da akwatin kayan aikinsa, yana da yaro ɗaya da yake koya wa, kuma abin dariya shi ma ƙirga sifanu yake sa shi yi da yamma. Bara ya yi jarrabawar gwajin sana'a ya samu takarda. To a nan wata sabuwa ta ɓullo, don masu sana'a a hannu ana ɗaukarsu soja har shekara 26, ƙofar da muka ɗauka ta rufe ashe akwai ta gefe, kuma saura mishi shekara ɗaya. Yaya ta ce ko bayan ranta ba ta yafe ba, ita ta ji labarin matar nan mai suyar masa. Ni na ce ba ruwana, na riga na biya kuɗin kafe sau uku.

Ya je ya samu Baba Saje ya ce Baba me ka gani. Tsohon yana wanke hannu da kananzir ya ce, ni na je, ban yi nadama ba, kuma ɗana na cikina na hana shi, ka ga ba ni da bakin ba ka shawara. In za ka je ka nemi yardar uwarka tukunna, in ba ta yarda ba ka zauna, injin mutane ma yana buƙatar mai duba mishi baƙin mai. Satin da ya wuce na je karɓar janareta na ga takardun Kurtu a cikin leda a ƙasan akwatin kayan aikinsa, takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma da ta gwajin sana'a da hotuna huɗu, ya ɗora sifanu a kai. Na ce Kurtu ya ake ciki? Ya ce Kawu Umma ta ce in bari sai bayan sallah za mu yi magana.